Olsar da Ba a Gwada Ba: Me Ya Sa Muke Yanke wa Cikinmu Hukunci da Kanmu?

Kwanakin baya na tsaya a wani kemis na unguwa ina jiran a sallame ni, sai wata dattijuwa ta shigo tana dafe da ƙirji. Ba ta kai ga faɗin abin da ya kawo ta ba yaron shagon ya riga ta da cewa, "Hajiya, olsar ce ta motsa?" Ta ce, "Ita ce, ɗan nan, ai ni da ita mutu-ka-raba." Ya ɗauko mata katin omeprazole, maganin rage asid a tumbi, da kwalbar farin maganin nan mai kauri, sannan ta ce ya ƙara mata na ciwon gwiwa, ya ɓallo diclofenac ya haɗa mata duka a leda ɗaya. Da na gaishe ta na tambaye ta asibitin da ya tabbatar mata da olsar, sai ta dube ni da mamaki ta ce, "Yaro, olsa har sai an gwada? Ai mai ita shi ya san ta."

Abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, an haɗa mata maganin gyambon ciki da maganin da yake haddasa gyambon ciki a leda guda, kuma babu wanda ya ga aibin hakan. Na biyu, ta riga ta sallama cewa ciwon nan abokin zamanta ne har ƙarshen rayuwa, alhali gyambon ciki na gaskiya yana cikin cututtukan da ake warkewa daga gare su sarai.

Ra'ayina shi ne: bai kamata mutum ya laƙaba wa kansa olsa ba, bai kuma kamata mai kemis ko mai ɗaukar hoton ciki ya laƙaba masa ba, sai an bi hanyar bincike da ta dace. Duk wanda ya shafe watanni yana shan maganin olsa ba tare da an taɓa neman sanadin ciwonsa ba, an tauye masa haƙƙi, ko da shi da kansa ne yake zuwa saye. Kuma gyaran wannan lamari ya fi rataya a wuyan hukumomin lafiya da ma'aikatanta fiye da wuyan majinyaci.

Abin da aka gano tun 1982

Shekaru da yawa likitocin duniya sun yi imani cewa damuwa da yawan ruwan asid a tumbi su ne tushen gyambon ciki. Saboda haka magani bai wuce rage asid ba, da hana majinyaci wasu abinci, da ɗirka masa madara, idan abin ya ƙi kuma a yi masa tiyata. Gyambon yakan warke, amma da an daina magani sai ya dawo, shi ya sa a wancan zamanin ake ɗaukarsa ciwon dindindin.

A shekarar 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka yi nasarar rainon wata ƙwayar bakteriya mai lanƙwasa da suka samo daga bangon tumbin majinyata, wadda daga baya aka sa wa suna Helicobacter pylori. Abokan aikinsu da yawa ba su gaskata ba, domin an ɗauka babu ƙwayar da za ta iya rayuwa cikin asid ɗin tumbi. A 1984 Marshall ya sha ruwan da aka raini ƙwayar a ciki da gangan, cikin 'yan kwanaki kuwa ya kamu da kumburin bangon tumbi. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci.

Dabarar ƙwayar ita ce tana fitar da wani sinadari da ke sarrafa yuriyar da ake samu a ruwan tumbi ya mai da ita amoniya, sai amoniyar ta dakushe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ita, ta samu ta nutse cikin majinar da ke kare bangon tumbi ta zauna shekara da shekaru. Galibi tun yarinta ake ɗaukarta, ta baki, musamman a gidajen da ke da cunkoso da inda ruwan sha da bayan gida ba su da tsafta. Yawancin masu ɗauke da ita ba su jin komai. Kaɗan daga cikinsu, kamar ɗaya cikin goma, su ne gyambo ke fito wa a tumbi ko a farkon ƙaramin hanji. A 1994 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan ƙwaya cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar tumbi.

Muhimmin abin da wannan bincike ya kawo shi ne magani. Idan aka haɗa mai rage asid da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu ko fiye, aka sha su daidai na tsawon kwana 14, akasari ƙwayar tana mutuwa, gyambon ya warke, kuma da wuya ya dawo. An fi shekara 40 da gano wannan, amma a garuruwanmu har yanzu muna zaune da olsa irin zaman da aka yi da ita kafin 1982.

"Ai yunwa da yaji ne ke kawo ta"

Wannan ita ce hujjar farko da za a tare ni da ita, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Mai gyambo a farkon hanji yakan ji zafi idan cikinsa babu komai, musamman cikin dare, kuma da ya ɗan taɓa abinci sai ya lafa. Barkono da abinci mai maiƙo da lemon kwalba suna iya tayar da ƙwannafi ga wasu mutane. Amma tayar da ciwo daban, haddasa shi daban. Yunwa tana fito da zafin gyambon da ya riga ya samu, ita kanta ba ta huda tumbi. Da yaji ne ke kawo gyambon ciki, da babu wanda zai tsira a gidajen da ba a cin tuwo ko tsire sai da shi.

Illar wannan fahimta ita ce tana mai da hankalin mutum kan abin da zai ci da abin da zai bari, har ya mance da neman ainihin sanadi. Za ka ga mutum ya haramta wa kansa wake da tsami da yaji da rabin abincin gidansa, ya koma kunu da madara, yana ramewa, ƙwayar kuwa tana nan daram. Madarar ma da ake yabo tana sanyaya ciki ne na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo asid. Masu jiƙa kanwa su sha kuma su sani cewa tana ɗauke da gishirin sodiyam mai yawa, wanda ba alheri ba ne ga mai hawan jini ko ciwon zuciya ko na ƙoda.

Maganin ciwon jiki da ba a ɗauke shi bakin komai ba

Bayan ƙwayar H. pylori, babban abin da ke jawo gyambon ciki shi ne rukunin magungunan kashe zafin ciwo irin su ibuprofen da diclofenac da piroxicam da aspirin. Waɗannan magunguna suna rage ciwo ne ta hanyar toshe wasu sinadarai a jiki, sai dai kuma sinadaran nan su ne ke sa tumbi ya samar da majinar da ke kare shi daga asid ɗinsa. Idan aka daɗe ana sha, kariyar ta yi rauni, asid ya ci bango. Ko ta allura aka ba da maganin illar tana nan, domin ta cikin jini take isa tumbi.

A nan ne na fi ganin haɗari a ƙasar Hausa. Lebura da ya wuni yana ɗaukar bulo, da manomi da ya dawo daga huɗa, da ɗan acaɓa, da direban babbar mota, da yawansu ba su kwanciya sai sun biya ta kemis ko wurin mai tallan magani a faranti sun ce a ba su "haɗi" na gajiya. Za a ɓallo ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi daban-daban a zuba musu a tafin hannu, ba suna, ba takarda. Sau da yawa biyu daga ciki 'yan gida ɗaya ne, wato ibuprofen da diclofenac a tare, wani lokaci har da dexamethasone ko prednisolone a kai, wanda haɗuwarsu ke ninka haɗarin zubar jini a ciki. Tsofaffi masu ciwon gwiwa da na baya su ma kullum cikin sha suke, kuma su ne jikinsu ya fi kasa jurewa.

Abin tsoro da gyambon da waɗannan magunguna ke jawowa shi ne yakan zo ba tare da gargaɗi ba, domin maganin da ya haddasa shi yana kuma danne zafinsa. Sai dai kawai a ga mutum ya yi aman jini, ko bahayarsa ta koma baƙa ƙirin mai danƙo da wari, ko kuma tumbin ya huje gaba ɗaya, ciki ya ƙame kamar katako, a kwashe shi ranga-ranga zuwa ɗakin tiyata. Duk likitan fiɗa da ya yi aiki a babban asibiti a Arewa ya san irin waɗannan majinyata. Wanda ke shan maganin olsa da safe ya sha diclofenac da dare, ba tare da likita ya tsara masa hakan ba, yana ɗinki ne da hannu ɗaya yana farkewa da ɗayan.

"Na sha maganin, kuma na ji sauƙi"

Hujja ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko ƙarfi, domin babu mai musun cewa omeprazole da 'yan uwansa suna aiki. Magunguna ne nagari da suka rage yawan tiyatar ciki a duniya. Matsalar ita ce jin sauƙi ba ya nuna wace cuta ce ke damun mutum.

Zafi ko nauyi a saman ciki alama ce da cututtuka da yawa suka yi tarayya a kai. Akwai dawowar asid zuwa maƙoshi, wadda ke kawo ƙwannafi da gyatsa mai tsami. Akwai tsakuwar matsarmama, wadda ta fi kama mata, ciwonta yakan taso bayan cin maiƙo ya soki gefen dama har zuwa baya. Akwai ciwon hanta, wanda nau'insa na B ya yawaita a ƙasashenmu kuma yakan daɗe yana ɓarna shiru. Akwai tsutsar ciki da sauran cututtukan hanji. Akwai ma bugun zuciya, wanda ga wasu, musamman masu ciwon suga da mata da tsofaffi, yakan zo ne kamar ƙwannafi mai tsanani da zufa da tashin zuciya, har a ɓata sa'o'i masu daraja ana ba mutum farin magani. Sannan akwai rukuni mafi yawa: mutanen da ke fama da ciwon ciki na gaske, amma idan aka zura na'ura aka leƙa ba a ganin gyambo ko kaɗan. Ciwonsu ba ƙarya ba ne, yana da nasaba da yadda tumbi ke motsi da yadda jijiyoyinsa ke saurin jin zafi, kuma damuwa tana ƙara shi. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa cikin masu kukan irin wannan ciwo, waɗanda ake samu da gyambo na zahiri su ne marasa rinjaye.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne sankarar tumbi. A farkonta alamunta ba su da bambanci da na olsa, kuma maganin rage asid yana iya lafar da su na wani lokaci. Mutum zai yi shekara yana jin sauƙi-sauƙi, yana yaba maganinsa, sai ranar da abinci ya fara tsaya masa ko rama ta bayyana ƙarara sannan a nufi asibiti, lokacin da cutar ta riga ta yi nisa. Irin wannan ne ke faruwa da "basir" a ɗaya ƙarshen hanjin: duk jinin da aka gani a bahaya sai a ce basir ne a nemi jiƙo, alhali sankarar babban hanji ma haka take fara nuna kanta.

Akwai alamun da idan ɗaya ta bayyana, maganar kemis ta ƙare, sai asibiti: aman jini ko amai mai kama da garin gahawa, baƙar bahaya ga wanda ba ya shan maganin ƙarin jini, wahalar haɗiye abinci, amai da ya ƙi tsayawa, rama ba dalili, ƙarancin jini, ƙullutu a ciki, ko idanu su koma ɗorawa. Haka nan wanda ciwon ya fara masa bayan ya manyanta. Ƙasashe sun bambanta kan shekarun, wasu sun sa 45, wasu 55, wasu 60, amma duk sun yarda cewa sabon ciwon ciki ga babba ba abin wasa ba ne.

Gwajin ma sai an tambayi wane iri ne

Wani zai ce, "Ni ai an gwada ni, an ce ina da olsa." Tambayata gare shi ita ce: wane gwaji?

Idan hoton ciki ne irin wanda ake shafa mai a goga na'ura a kan fata, wanda muke kira sikanin, to a sani cewa wannan na'ura ba ta dace da gano gyambon tumbi ba. Tana ganin hanta da matsarmama da ƙoda da mahaifa sosai, amma tumbi da hanji cike suke da iska, iska kuwa tana tare mata gani. Duk da haka, mutane da yawa suna fitowa daga wuraren ɗaukar hoto riƙe da takarda an rubuta musu olsa, su kuma riƙe wannan takarda hujja har tsawon rayuwa. Ina ganin wannan ɗabi'a ta cancanci hukumomin da ke sa ido kan ma'aikatan lafiya su tsawatar a kanta.

Idan kuma gwajin jini ne, wanda ake ɗiga jini a kan ɗan tsinken gwaji a jira layi ya fito, shi ma yana da babban rauni. Abin da yake nema shi ne sojojin da jiki ya ƙera don yaƙar ƙwayar, ba ƙwayar kanta ba, kuma waɗannan sojoji suna iya daɗewa a jini bayan ƙwayar ta mutu. Saboda haka mutum zai iya shan magani ya warke, ya koma a sake gwada jininsa a ce har yanzu tana nan, a sake ɗora shi kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta karo na biyu da na uku a banza. Bugu da ƙari, ko gwajin ya yi gaskiya, ya nuna ƙwaya ce kawai, bai nuna gyambo ba.

Gwaje-gwajen da ke nuna cewa ƙwayar tana raye a yanzu su ne na bahaya, wanda ke neman ɓurɓushin ƙwayar kanta, da na numfashi, inda ake ba mutum yuriya mai alama ya sha sannan ya hura iska a auna. Su ma suna da sharaɗi da ba a cika gaya wa majinyaci ba: sai an dakatar da omeprazole da danginsa na mako 2, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta na mako 4, in ba haka ba gwajin zai iya cewa babu alhali akwai. Mutumin da ya sha omeprazole da asuba ya kai bahayarsa gwaji da hantsi ya yi asarar kuɗinsa.

Gyambo kansa kuwa ana tabbatar da shi ne da na'urar leƙa ciki, wato endoskofi, siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki har tumbi. Likita zai ga gyambon da idonsa, ya kuma tsinko ɗan nama a kai ɗakin bincike don tabbatar da cewa ba sankara ba ce. Aikin 'yan mintuna ne, ana fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro ko a ba mutum abin da zai sa shi gyangyaɗi, kuma tsoron da ake ji masa ya fi wahalarsa yawa.

"Idan kusan kowa na ɗauke da ita, mene ne amfanin gwaji?"

Wannan tambaya ce ta masu ilmi, kuma ta cancanci amsa mai nauyi. A farkon shekarun 1990 wani likitan fiɗa ɗan Ingila mai suna Chris Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, shi da abokan aikinsa suka gwada jinin mutane a yankin suka samu sama da kashi 80 cikin 100 sun taɓa haɗuwa da ƙwayar, akasarinsu tun suna yara. Ya kuma lura cewa duk da wannan yawa, ba a ganin sankarar tumbi da yawa kamar yadda ake tsammani, abin da ya sa aka riƙa kiran lamarin da ɗaurin kan Afirka. Masana sun daɗe suna muhawara a kai. Wasu suna ganin nau'in ƙwayar da yanayin garkuwar jikinmu ne suka bambanta, wasu kuma suna ganin rashin na'urori da rashin rajistar masu sankara ne suka ɓoye adadin, domin wanda ya rasu a ƙauye da "olsa" ba ya shiga lissafin kowa. Ni wannan bayani na biyu bai bar ni na kwanta da kwanciyar hankali ba.

Abin da wannan yawa ke koya mana shi ne gwajin jini ba shi da wani amfani sosai a wurinmu, tunda kusan duk wanda aka ɗiga wa zai nuna. Bai koya mana cewa a raba wa kowa magani ido rufe ba. Hasali ma akasin haka ne. Magungunan da ake kashe ƙwayar da su, amoxicillin da clarithromycin da metronidazole, su ne dai waɗanda muke sha barkatai don mura da gudawa da ciwon haƙori. Flagyl kam, wato metronidazole, ya zama kamar goro, duk wanda cikinsa ya juya sai ya haɗiyi biyu. Sakamakon haka ƙwayar ta koyi jure musu, musamman metronidazole a ƙasashen Afirka. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya H. pylori mai jure clarithromycin cikin jerin ƙwayoyin da ake buƙatar sabon magani a kansu da gaggawa. Duk wanda ya sayi kwalin haɗin maganin olsa ya sha kwana 3 ya ajiye don ya ji sauƙi, ya ƙara wa ƙwayar cikinsa horo ne, kuma zagaye na biyu zai fi tsada da wahala.

"Talaka ina ya ga kuɗin gwaji?"

Wannan ce hujjar da ba zan iya turewa ba, domin gaskiya ce. Kuɗin endoskofi ya fi ƙarfin mafi yawan magidanta, kuma na'urar tana manyan asibitoci ne irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, sai wasu asibitocin kuɗi a birane. Mutumin ƙauye sai ya haɗa kuɗin mota da na masauki da na ɗan rakiya kafin a zo maganar kuɗin aiki. Ƙwararrun likitocin ciki kuwa ba su da yawa, kuma wasu daga cikinsu suna ficewa ƙasashen waje. Mai kemis shi ne likitan da talaka ke iya gani ba kati ba layi, wani lokaci har bashi yake bayarwa.

Amma a yi lissafi da kyau. Wanda ke sayen katin omeprazole da kwalbar farin magani duk mako, shekara biyar ko goma, ga kuɗin jiƙon masu lasifika a tasha da ranakun aikin da ya rasa, ya kashe abin da ya ninka kuɗin gwajin bahaya da cikakken magani na kwana 14. Bambancin kawai shi ne wancan kaɗan-kaɗan ake cire masa, wannan kuwa a dunƙule ake nema. Kuma ba kowa ne ke buƙatar endoskofi ba. Matashi da ba shi da alamun haɗari, gwajin bahaya da magani daidai sun wadatar da shi. Na'urar a bar ta ga masu alamun haɗari, da manya, da waɗanda magani ya ƙi yi musu aiki.

Shi ya sa nake ganin mafita tana hannun gwamnatocin jihohi. Gwajin bahaya ba ya buƙatar wutar lantarki mai yawa ko ƙwararren likita, ma'aikacin ɗakin gwaji na asibitin ƙaramar hukuma zai iya yin sa. A samar da shi a manyan asibitocin ƙananan hukumomi da cibiyoyin lafiya na matakin farko, a sa shi cikin abubuwan da inshorar lafiya ke biya, tunda dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa ta kuma tanadi asusu don masu rauni. A ware ranakun endoskofi a manyan asibitocin shiyya, ko da likita zai riƙa zuwa ne daga asibitin koyarwa sau ɗaya a wata. Mun ga yadda gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa ya isa ƙauyuka cikin 'yan shekaru da aka sa niyya, don haka ba abu ne da ya gagara ba.

Masu kemis kuma bai kamata a ɗauke su abokan gaba ba, tunda su ne ƙofar farko. Hukumar da ke ba su lasisi da ƙungiyoyinsu za su iya koya musu abubuwa uku kacal, su kuma tsaya a kansu: kada a haɗa wa mutum magungunan ciwon jiki iri biyu, kada a sayar wa mai kukan ciwon ciki diclofenac ko ibuprofen, kuma duk wanda ya dawo neman maganin olsa bayan wata guda, ko ya ambaci baƙar bahaya ko rama, a tura shi asibiti. Paracetamol, idan ba a wuce ƙa'ida ba, ya fi aminci ga tumbi. Kafafen yaɗa labarai su ma suna da laifinsu, domin gidan rediyon da ke karɓar kuɗi ya saki tallan jiƙon da ke "warkar da olsa da basir da sanyi da taifot" a kwalba ɗaya ya san abin da yake yi.

Akwai kuma batun azumi, wanda duk shekara yake tasowa. Da Ramadan ya ƙarato za ka ji mutane kashi biyu. Wasu sun ajiye azumi shekara da shekaru suna ciyarwa saboda olsar da ba a taɓa tabbatarwa ba, wasu kuma suna da gyambo na gaske mai zubar jini amma sun nace sai sun yi, har a kwashe su zuwa asibiti cikin goman farko. Hukuncin wanda zai sha da wanda zai rama na malamai ne, ba nawa ba, amma malamai da kansu sukan mayar da mai tambaya ga amintaccen likita, likitan kuwa ba zai iya ba da amsa ta gaskiya ba sai ya bincika. Wanda yake da shakka ya je tun farkon watan Rajab, domin a samu lokacin dakatar da omeprazole na mako 2, a yi gwaji, a sha magani na kwana 14 idan an samu ƙwayar, sannan a jira aƙalla mako 4 a sake gwajin bahaya ko na numfashi don tabbatar da cewa ta mutu. Wannan gwaji na ƙarshe shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa, har da wasu likitoci, alhali idan ba a yi shi ba babu yadda za a bambance wanda ya warke da wanda ke buƙatar a canza masa haɗin magani.